Madacin Inna a Kurmin Bayan Gwashi

Mun tashi da asuba daga Anka, ni da Inna, ranar da kasuwar Bukkuyum ke ci. Masu ɗinki a wurina da kuka zo kuka tarar da shago a garƙame, ku yi haƙuri. Ga inda na shiga, kuma ba yawon banza na tafi ba.

Katako ne ya jawo tafiyar. Kafintan da ke maƙwabtaka da shagona ya sayo wasu falankai jajaye, kowane ɗaya ya isa ƙyauren zaure ba sai an haɗa biyu ba. Inna ta zo wucewa za ta gidan suna, sai ta tsaya, ta shafa ɗaya da tafin hannu, ta sunkuya ta shinshina. Ta tambayi kafinta daga ina aka kawo su. Ya ce madaci ne, daga wani kurmi can bayan Gwashi, masu injin yanka sun shiga tun bazara suna ta kwasa. Inna ta juya ta koma gida. Gidan sunan ma fasa zuwa ta yi.

Tun daga ranar tuwo ya daina shiga mata. Da na matsa da tambaya sai ta ce, "So nikai ka kai ni gida."

Na san in ta ce gida ba ɗakinta take nufi ba. Tungar da aka haife ta take nufi, a bakin wannan kurmin, wadda ta watse tun ina goye.

Na ce, "Inna, wa ya rage can?"

"Ba kowa."

"To mi za mu yo?"

"Sassaƙen madaci nika so. Cikina ba shi yi min daɗi."

Na ce ai ga madatai nan jere a bakin hanya tun na zamanin Turawa, yanzu sai in ari gatari in saro mata cikin ƙwarya. Ta dube ni kamar na yi wauta a gaban surukai, ta ce, "Waɗanga yaran? Ɗacinsu bai nuna ba." Daga nan na daina musu, na nemi guzuri.

A tasha muka sami a-kori-kura mai zuwa Gummi. Kuɗin mota sun ƙara tashi, direba ya ce taya ce ta yi wuya, kuma ba wanda ya ƙaryata shi, domin duk mun ga tayoyin nasa sun yi sulɓi kamar kan wanda aka yi wa aski. Na biya wa Inna gidan gaba, ni kuwa na hau baya tare da buhunan sabon gero, da wasu mutanen Zugu, da wani bunsuru da ya ƙudura niyyar sai ya ɗanɗani bakin rigata. Hira duk a kan sabulu da sukari take, da yadda ake bin layi kafin a samu, da yadda farin da aka yi fama da shi ya cinye shanun mutane. Amma bana dai Allah ya dube mu. Ko'ina ka waiga dammunan gero ne a jingine, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta, wake ya yaɗu a ƙarƙashinta. Gawo, wanda ya yi damina tsirara, ya fara fitar da sabon ganye, kamar kullum yana saɓa wa sauran itatuwa.

Hantsi ya ɗaga muka sauka, muka nufi bakin gulbi. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da fito. Jirgin da muka shiga daga gungume ɗaya aka sassaƙa shi, ya ɗauke mu da kekuna biyu da kwandunan kaji bai ko nuna ya ji ba. Na tambayi mai fito icen mene ne. Ya ce madaci, kuma ubansa ya gada, shi ma bai san wanda ya sare shi ba. Ya ce in wannan ya fashe sai dai a haɗa na falanki da ƙusa, don yanzu ba ka samun ice mai wannan kauri kusa da gari. Inna na zaune a tsakiya, ta dafa gefen jirgin.

Kasuwar Bukkuyum ta cika ta batse. Ga sabuwar gyaɗa dafaffiya, ga rake, ga busasshen kifi tuli-tuli, ga matan Fulani sun jera ƙore fes-fes a ƙarƙashin tsamiya. Na sayo mana hoce mai zafi, wato wainar dawa, da ƙuli da yaji, muka kora da fura mai nono wanda ba a yi wa ha'incin ruwa ba. Inna ta ci fiye da abin da ta ci cikin kwanakin da suka wuce gaba ɗaya, har ta sami bakin kushe hocen, wai an yi rowar tsami. Da na ji ta fara kushe abinci sai hankalina ya ɗan kwanta.

Bayan azahar muka sami babbar mota mai mayar da 'yan kasuwa Gwashi. Wannan hanya ba ta san kwalta ba. Jar ƙasa ce da ramuka, ga kwazazzabai da damina ta yanka, kuma duk inda aka tarar da laka sai maza su sauka a tura. Duk wanda ya hau motar nan ya biya kuɗi ne ya sayi aikin ƙarfi. Amma abin da na lura, muna ƙara yin kudu itatuwa na ƙara yawa da tsayi. Gonaki suka fara ja da baya, kaɗe da ɗorawa suka ba marke da taura wuri, can kuma sai ga giginyu sun miƙe a bakin fadama. Wannan karon kusa da Inna nake zaune, ina jin ta tana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa, kamar mai gaisawa da mutanen unguwa: ga maje, ga ƙirya, ga kawo, ga baushe.

Mun isa Gwashi gab da magariba, jikina duk laka. Muka sauka gidan wani jikan ƙanen kakana, zumuncin da sai da aka yi ta lissafin kakanni kafin a kamo bakin zarensa, amma da aka kamo sai aka yanka mana zakara. Aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Da mai gidan ya ji inda za mu, ya ce mutanen gari ba su cika shiga can ba, duhuwa suke ce wa wurin, sai mafarauta da masu neman magani. Ya ce akwai wani tsohon Bafulatani da rugarsu ke bakin dajin, shi ya san ciki da bai ɗinsa, gobe zai haɗa mu da shi. Ya kuma ba mu aron jaki saboda Inna.

Da sassafe muka kama hanya, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Tsohon muka same shi yana duba wata saniya mai ɗingishi. Dogo ne siriri, da malfa da sanda, haƙoransa saura kaɗan amma idonsa garau. Ya dubi Inna a kan jaki, ya tambayi ko ɗiyar wa ce. Da ta faɗi sunan mahaifinta sai ya riƙe baki.

Ya ce, "Adda, ke ce? Ke da kike kore mu daga gonar babanki da tsumagiya?"

Ta ce, "Ku da kuke sako muna maruƙa cikin wake."

Suka yi ta dariya, suna tambayar wane da wance, kuma kusan duk sunan da aka ambata sai a ce Allah ya jiƙansa. Matarsa ta kawo mana madara mai ɗumi a ƙwarya. Ya saɓa sandarsa a wuya ya shige gaba.

Mun fara biyawa ta kufan tungar. Da ba a gaya mini ba, da ban san mutane sun taɓa zama a nan ba. Ciyawa ta fi ni tsayi. Abin da ya rage kukoki ne manya guda-guda, da wata tsamiya, da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya ruwan sama ya taru a ciki. Tsohon ya ce ƙudan tsando da ciwon barci suka tashi garin, kowa ya kama gabansa. Inna ta nuna wani wuri da haɓa ta ce nan ɗakin innarta yake, ta nuna wani ta ce nan aka kai ta aure. Na zaci za ta sauka ta daɗe, amma ko tsayar da jakin ba ta yi ba. Ta ce mu wuce.

Kafin mu ga kurmin muka fara jin injin. Kuka yake kamar babur da aka murɗe aka hana shi tafiya, ya yi shiru, ya sake ɗauka. Sai muka fito wani fili wanda ba gona ba ne ba kuma daji ba. Kututtura ne ko'ina. Wani a cikinsu na hau na tsaya, na ga mutum zai shimfiɗa buzu ya yi salla a kai har ya bar wa wani wuri. Garin katako ja ya rufe ƙasa, ƙamshinsa mai ɗaci-ɗaci ya cika hanci, rassa kuwa an bar su nan birjik suna bushewa, ga sawun babbar mota ya yi rami biyu ya nufi gari.

A nan Inna ta rikice. Ta sa aka juya jakin gabas, ta sa aka juya shi yamma. Ta ce akwai wani rimi da ake hange tun daga ƙofar gidansu, daga gindinsa hanyar rafi ke sauka. Tsohon ya nuna mata wani farin kututture da sandarsa, ya ce ga rimin nan. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "To in sun kai nan, sun kai can."

Na ce, "Can ina, Inna?"

Tsohon ya ce mata kada ta yanke ƙauna, daga baki suka faro, cikin bai gama ciwuwa ba. Ya ce ta faɗa masa abin da take nema. Ta ce madaci ne a kan hanyar ɗibar ruwa, inda rafi ya yi gwiwa, saiwarsa ɗaya ta fito waje ta yi kamar dakali, mata na sauke tulu a kai su huta. Ya gyaɗa kai, sa'an nan ya ce, "Na san shi. Mu tai."

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba, kuma ina jin kunyar faɗi, don tafiyar yini ɗaya ce kawai daga inda nake taka keke kullum. Taku kaɗan muka yi rana ta ɓace. Sanyi ya sauko mana kamar an shiga ɗakin da aka yayyafa wa ruwa. Sama duk ganye ne ya haɗe, haske sai ɗigo-ɗigo, kuma ko da yake an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ganyayen na ta zubo mana da raɓa a wuya. Ƙasa taushi gare ta, ruɓaɓɓen ganye ne kan ruɓaɓɓen ganye, kofaton jaki ma ba ya ƙara. Gansakuka ta lulluɓe gindin itatuwa da duwatsu, kore shar. Igiyoyin kurangar dajin nan da ake ce wa ciwo, masu kaurin cinyar mutum, sun nannaɗe kawo sun haye, sun sake saukowa ta wani icen. Ga malmo da giyayya ƙafafunsu cikin ruwa, ga kaiwa, wato kanya, baƙa wuluk ta miƙe ba reshe sai can ƙololuwa, ga tukurwa ta baza fukafukai a bakin rafi. Wani tsohon maje ya faɗi da kansa, Allah kaɗai ya san yaushe, ya ruɓe har hannu na shiga cikinsa, kuma a kan gawarsa 'yan itatuwa sun tsiro a jere kamar an shuka.

Na tambayi tsohon shekarun waɗannan itatuwa. Ya ce shi dai kakansa ya gaya masa haka ya tarar da su, kuma kakan nasa ya ga zamanin da ake gudun mahara a ɓuya a nan ciki. Ya nuna mini wata ƙirya mai tsohon tabo ya ce giwa ce ta goga haurenta, tun lokacin da giwaye ke saukowa shan ruwa. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri, ban sani ba, amma a wurin nan komai aka ce maka sai ka yarda. Birai na bin mu ta sama suna jifan mu da ƙwallon ɗinya. Na ɗaga kai in yi musu tsawa hulata ta faɗi, kuma duk da haka ban hango ƙarshen icen da suke kai ba. Sai na ga har murya mun rage, ba wanda ya ce a rage.

Da hanya ta matse, Inna ta sauka daga jaki ta karɓi sandar tsohon. Matar da a gida sai na kama ta take hawa dakalin ƙofa, ga ta tana tsallake saiwoyi tana riga mu. Muka ji ƙarar ruwa. Rafin ya zo ya yi gwiwa, sai ga shi.

Duk madatan da na sani a rayuwata, wannan kakansu ne. Ni da tsohon muka gwada zagaye shi da hannu, ko rabi ba mu kai ba. Ɓawonsa ya tsattsage ya yi faci-faci, ga tsofaffin tabban masu sassaƙa sun warke sun dunƙule. Can sama wani baure ya tsiro a tsakanin rassansa ya zama babban ice shi ma. Saiwar da Inna ta faɗa tana nan, samanta ya yi santsi saboda zaman tuluna. A jikinsa kuma, daidai ƙirjin mutum, an shafa jan fenti an gicciya.

Na san ma'anar fentin, don na gan shi a jikin kututturan da muka baro. Inna ma ta sani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta dubi icen sosai ba. Ta tsaya ta ba shi gefe, fuskarta na kallon rafi, ta ce mini, "Kira min babbansu."

Masu injin ba su da nisa, suna gyara wani gungume a ƙetaren rafin. Na je na yi sallama. Babban nasu wani kakkauran mutum ne mai 'yar furfura, Hausarsa ta mutanen kudancin Kwantagora, garin katako ya yi masa fari-fari a gira. Ya biyo ni ba musu, yana share hannu a wando. Ya durƙusa ya gaida Inna.

Ta ce, "Ɗana, iccen ga nika roƙo ka bari."

Ya ce, "Wanne, Inna? Wannan? Ai shi ne uban tafiyar. Saboda shi muka yanko hanya har nan, kuma an riga an biya. In magani kike so, in mun kayar sai a cika miki buhu da ɓawo."

"Ba magani ba na."

"To ko na tsafi ne? Don in na iskoki ne, mun kayar da irinsu da yawa, ba abin da ya same mu."

Ta ce, "A'uzubillahi. Mu Musulmi na tun kakanni."

Ya ce to ta gaya masa dalili, don shi ma yaron wani ne, sai ya san abin da zai faɗa in an tambaye shi. Ta gyara lulluɓinta, ta dubi ƙasa. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Ɗana na kwance ƙarƙashinai."

Mutumin ya juyo ya dube ni, ga ni tsaye da raina. Ta ce, "Ba wanga ba. Na gabanshi."

Na san an taɓa cewa akwai wani kafin ni wanda bai zauna ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Babanmu har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ita kuwa ɗan fari ne, ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle ya tafi. Ban taɓa tambayar inda yake ba. Ban ma taɓa kawowa a raina cewa yana wani wuri ba.

Ta zauna a kan saiwar, ta ba gindin icen baya, ta ba mu labari a taƙaice. Shekarar da aka ɗebi maza aka kai su haƙar kuza, babanmu na cikinsu. Yaron bai daɗe da yaye ba, ya fara gudu yana bin awaki, ƙyanda ta shigo tunga. Ranar da ya cika ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, maƙabarta kuwa tana ƙetare. Mahaifinta da liman suka ɗauke shi cikin tabarma suka kawo shi nan, wurin da ƙasa ta ɗan yi tudu, tsakanin saiwoyin nan biyu na gabas.

Ta ce, "Ni yarinya ta, gaban surukai nike. Ɗan fari ba a yi mai kuka a gani. Ban yi ba. Kuma hanyar ruwa ɗaya ta, kullum ta nan nika bi da tulu, safe da marece, tare da mata. Su sauke nan su huta, ni in wuce in ce ban gaji ba. Har munka tashi daga tungar ga ban taɓa juya wuya na dubi wurin ba, kar a ce ba ni da kunya."

Tsohon ya cire malfarsa. Babban masu katako ya daɗe a tsugune yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Can ya miƙe, ya zare addarsa daga kugu. Na zaci icen zai sara. Ya je jikin icen ya shiga kankare fentin, a hankali, har sai da jan ya fita saura ɗanyen ɓawo.

Ya ce, "Inna, ni ba na kayar da ice a kan ɗan Musulmi. Zan ce wa maigidana kogo gare shi, ko kuwa in gaya masa gaskiya, in ya ga dama ya cire a ladana. Amma kada in yaudare ki. Ba ni kaɗai ke da inji a ƙasar nan ba. In mun tashi wasu na iya zuwa."

Tsohon ya ce, "In sun zo ta rugata za su bi. In gaya musu."

Inna ta ce, "Allah shi yi muku albarka. Abin da ya wuce wannan na Allah na."

Mai katako ya koma wurin mutanensa, kuma har muka bar wurin ba su tayar da injin ba. Tsohon ya ja jaki ya yi gaba kaɗan, wai zai shayar da shi. Ni ma na yunƙura in ba ta wuri, ta ce in zauna. Sa'an nan ta dafa gwiwa, ta juya.

Ba komai a wurin. Busasshen ganye ne, da gansakuka, da wata 'yar farar fure da ban san sunanta ba. Ta dube shi ta dube shi. Ba ta yi kururuwa ba, hawaye ne kawai ke bin tamojin fuskarta suna ɗiga a zane, ba ta share ba. Na ɗaga hannu na karanta abin da ya sawwaƙa, na roƙi Allah ya sa mai ceto ne, ya haɗa shi da babanmu. Ta shafa. Muka zauna har inuwa ta juya, ruwa na wucewa, wani cilakowa na ta kiran ɗan'uwansa a sama.

Da za mu tashi na tuna mata sassaƙen da muka zo nema. Ta ce, "Bar shi. Cikin ya lafa."

A hanyar fita tsohon ya kakkaɓo mana ɗinya cikin malfarsa, ya ce tsarabar jikoki. Muka yi sallama a bakin ruga, shi da Inna suka yafi juna kan zancen maruƙa da wake, don kowa ya san da wuya a sake haɗuwa. Muka sake kwana a Gwashi, washegari muka sami motar gyaɗa zuwa Bukkuyum, wannan karon turi ɗaya kawai muka yi.

A cikin jirgin fito ne, muna tsakiyar gulbi, mai fito na faɗa da wani a kan keke, Inna ta matso kusa da kunnena ta faɗi wani suna. Sau ɗaya ta faɗa. Na ce, "Na'am?" Ta ce, "Ka ji ai. Ka riƙa sa shi cikin addu'a." Ta mayar da fuskarta ga ruwa. Sunan yana wurina, kuma tunda ita ta riƙe shi shekara arba'in da wani abu, ba ni zan watsa shi a takarda ba.

Mun shigo Anka da la'asar, lafiya lau, ban da ƙafafuna da suka kumbura da cizon ƙudaje a wuya. Masu cewa ƙasarmu ba ta da daji sai ƙaya da sabara, ku je bayan Gwashi ku gani, amma ku yi sauri. Icen da ya shekara ɗaruruwa yana tsaye, kafin a gama shan fura inji ya kwantar da shi, kuma ba mai shuka irinsa ya zauna inuwarsa, ko jikansa. Ban ce kada a yi ƙyaure ko jirgi ba, ni ma a kan benci nake zama. Na dai gane cewa in ka ga tsohon ice, ba ka san abin da aka ba shi ajiya ba. Haka tsofaffinmu. Muna gida ɗaya da su, muna kai musu tuwo da goro, muna zaton mun san su, alhali ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda nasa ke raye ya tambaye su, in kuma sun ce a kai su wani wuri, ya rufe shago ya kai su.

Da muka shiga gida yara suka yanyame mu, Inna ta zube musu ɗinya a faifai. Babbar 'yata, ita ce ta fari a wurin uwarta, ta tsaya baya-baya kamar yadda ta saba, don ta san in ta matso uwar za ta ce ke kauce ki ba yara wuri. Haka kuwa aka yi. Uwar ta kore ta ba tare da ta dube ta ba, ta ce ta je ta ɗauko tsintsiya. Ina zaune a bakin rijiya ina wanke ƙafa, sai na ga uwar ta faki ido, ta tsince manyan ɗinyar nan masu baƙi sosai, ta zuba a ƙoƙon yarinyar, ta kife da faifai, ta koma bakin murhu tana faɗan an bar mata wuta ta mutu.